Amsoshin Tambayoyinku: Gatarin da Taubashina Ya Narkar

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Gwarzo. Ni da taubashina, ɗan kawuna da ke Kabo, muna buga Diablo Immortal a waya, kuma jarumi ɗaya muke reno tare tun bara, don akawun ɗinmu ɗaya ne. Shi yana bugawa da rana in kasuwa ta yi sanyi a shagonsu, ni kuma da dare. To yanzu ko gaisawar kirki ba ma yi. Ni ina so jarumin ya zama mai mugun duka, shi kuma kullum sai ya loda masa kayan kariya har ya koma kamar kunkuru. Sannan akwai wani gatari da na yi mako uku ina nema, ranar da ya faɗo mini ko morarsa ban yi ba, washegari ya kai shi wurin maƙerin cikin wasan ya narkar, wai bai dace da tsarinsa ba. Yanzu kuma yana cewa mu haɗa kuɗi mu sayi abin da ake buɗewa a samu duwatsu masu taurari biyar. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Kuma sayen nan ba caca ba ne?
Daga wani mai karatu a Gwarzo.

AMSA: Taubashin da bai taɓa ɓata maka rai ba ai sai a sake binciken dangantakar. Amma tunda har gaisuwa ta yi wuya, abin naku ya wuce tsokanar gida, bari mu zauna a kansa. Tambaya uku ka cusa a takarda ɗaya. Maganar gatari zan bar ta ƙarshe, don na lura ita ta fi yi maka ciwo, kuma ba za ta yanku ba sai an gane sauran biyun.

Akwai iyaye da yayye da ke karanta wannan shafi waɗanda ba su taɓa riƙe irin wannan wasa ba, ga bayani a taƙaice dominsu. Ana ba ka jarumi ɗaya, tsirara ko kusa da haka, ka shiga da shi daji da kogo kana kashe dodanni. Duk wanda ka kashe yana iya zubar da kaya: takobi, sulke, zobe, zinariya. Wannan ita ce ganima. Kai kuma za ka zaɓi abin da jarumin zai ɗaura da dabarun faɗan da zai riƙe, don ba a barinka ka riƙe duka. A Diablo Immortal dabaru huɗu ne da bugun yau da kullum ɗaya. Haɗin kayan da dabarun shi yara ke kira bild. Ni ɗamara nake ce masa, kuma da wannan sunan za mu tafi.

Gardamar ɗamara ta girme ku. Tun 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a tebur da takarda da fensir, aka fara auna ƙarfin jarumi da wayonsa da juriyarsa da lambobi. Diablo na farko, wanda David Brevik da abokan aikinsa suka yi, ya fito a ƙarshen 1996, ya ɗauki lambobin nan ya haɗa su da faɗa mai sauri da ganimar da ba ka san me za ta zubo ba. A Diablo II na shekarar 2000 kuwa, in ka zuba maki a wata dabara ya zubu ke nan. Sai a 2010 aka ba da damar kwancewa a sake ɗaurawa. Shekara goma mutum na iya ɓata wata guda yana renon jarumi, ya isa gaban babban dodo ya tarar ya yi kuskure tun a matakin farko, sai dai ya koma ya fara sabo. Daga nan zafin gardamar ya samo asali, kuma zafin ya zauna ko bayan an sauƙaƙa abin.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ɗan lifidi kibiya ba ta cika damunsa ba, yana iya keta sahun abokan gaba ya wuce. Amma dokinsa na saurin gajiya, wuta na kama audugar, in kuma ya faɗo ƙasa tashi aiki ne. Ɗan baka ba shi da komai a jiki sai kwari da warki, yana kisa daga nesa, amma in doki ya cim masa shi ke nan. Wane ne ya fi? A Tafkin Kwatto, cikin Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, sun karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai dawaki da lifidi. Wannan bai sa an daina ɗinka lifidi ba, sarakunan da suka zo bayan jihadi sun ci gaba da tara shi. Kowa ya san cewa filin daga da irin abokin karawa su ke faɗin wace ɗamara ta yi rana.

Yanzu ga lissafin, don wasan nan a ƙarƙashin wuta da hayaƙin da kake gani lissafi ne tsagwaronsa. Lambobin da zan kawo na misali ne. A ce jarumin da ka ɗaura yana cire wa dodo jini 300 a kowace daƙiƙa, amma daƙiƙa 20 kawai yake iya tsayuwa a gabansa. Ya cire 6,000 ke nan ya mutu. Na taubashinka yana cire 200 kacal, amma yana kai minti ɗaya a tsaye: 12,000. In jinin dodon 5,000 ne, kai ka yi nasara, ka gama da shi a daƙiƙa 17 taubashinka yana nan yana lallaɓawa har daƙiƙa 25, kuma a wasan da ake maimaita kogo ɗaya sau ɗari, wannan ratar ba ƙarama ba ce. In jinin dodon 10,000 ne, kai gawa ce, shi ne zai kwashi ganima. Gawa ba ta duka. Ka ga kowannenku yana da gaskiya a gaban wani dodon, ba ya da ita a gaban wani.

Akwai kuma wani abu da ya shafe ka kai kanka, mai son mugun duka. Masu irin ra'ayinka sukan zuba komai a wuri ɗaya. A ce dukanka 100 ne, aka ba ka ƙari uku, kowanne kashi 20 cikin ɗari. In duka ukun irin ƙari ɗaya ne, a yawancin wasannin nan tara su ake yi, ka tashi da 160. In kuwa ka raba su, ɗaya a nauyin duka, ɗaya a saurin hannu, ɗaya a wani fanni da ke ninka sauran, sai su riɓanya juna: 100 ya zama 120, ya zama 144, ya zama kusan 173. Kaya iri ɗaya, daraja ɗaya, amma wanda ya raba ya fi wanda ya tara. Shi ya sa za ka ga makami mai babbar lamba a fuska, ka ɗaura shi, dodo ya ƙi mutuwa da wuri kamar da. Kafin ka ce taubashinka bai iya ba, ka duba ko kai ma lamba mafi girma kawai kake bi.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka ba wannan ba ne. Ka ce shi da rana yake bugawa a shago, kai da dare. Ina jin a nan amsar take, ku duka ba ku lura ba.

Ka kwatanta shi. Yana zaune a kan benci a bakin titin nan da ya taso daga Kano ya bi ta Janguza da Rimin Gado ya ratsa Kabo ya nufo ku, waya a hannu, babban yatsa a kan gilashi, dodo ya ɗaga hannu zai kawo sara. Sai ga yarinya da naira ɗari biyu an aiko ta sayen magi. Dole ya ɗaga kai, ya miƙa, ya nemo canji. Daƙiƙa goma sun tafi. Jarumin da ka ɗaura, wanda rayuwarsa ta dogara ga kaucewa a daidai lokaci, kafin a miƙa canji ya mutu. Kunkurun da kake rainawa yana nan a tsaye yana shan duka yana jiran mai gidansa. Ga zafin rana da ke sa waya ta yi zafi ta fara sanɗa, ga sabis da ke cunkushewa lokacin da kowa ke kansa. Kai kuma ƙarfe goma sha biyun dare, gari ya yi tsit, ka sayi datar dare mai araha, babu mai kiranka, sabis ya sake. Hannunka biyu da hankalinka duk suna wuri ɗaya. Dole ka ga kayan kariya asara ne.

Sannan ku biyun akwai wani abokin gaba da kuke da shi wanda ba a zana shi a wasan ba, wato nisa. Diablo Immortal ba ya buguwa sai da intanet, kuma hukuncin ko ka kauce ko sara ya same ka ba a wayarka ake yanke shi ba, a babbar kwamfutar kamfanin ake yi, mu kuma nan yawanci na Turai muke shiga. In ka danna, saƙon zai hau ƙarfen sabis, ya bi waya ya gangara Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ya shiga wayar ƙarƙashin teku. MainOne kaɗai, wadda ta fara aiki a 2010, kusan kilomita 7,000 ce tsakanin Legas da Fotugal. Haske a cikin irin wannan waya yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ka lissafa zuwa da dawowa, za ka ga ko komai na tafiya lafiya lau, abin da ya kusa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya tafi a hanya kawai, ba a sa cunkoso da tsayawa a tashoshi ba. Yaron da kake kallon bidiyonsa a YouTube kana kwafar ɗamararsa, wataƙila a Jamus yake zaune kusa da kwamfutar, da wayar intanet har ɗakinsa, da duwatsun da ya kashe musu kuɗi. Ɗamarar da ya ce ita ce ta ɗaya, ta ɗaya ce a ɗakinsa. In ka kawo ta Gwarzo sai an rage mata wuya an ƙara mata hannu, kamar rigar gwanjo.

Don haka in hukunci kake so a wannan, ga shi: in ana maganar jarumin da zai yi muku aiki ku biyu, taubashinka ya fi ka kusa da daidai. Ba dole ya zama kunkuru ba. Jarumi mai gatari, wanda na ɗauka Barbarian ne, yana da dabarar da ke hana shi mutuwa na 'yan daƙiƙu in jini ya ƙare, ana kiran ta Undying Rage. Gurbi ɗaya cikin huɗu take ci, kuma a irin sabis ɗinmu ta biya kuɗinta. Ka bar masa wannan, ya bar maka sauran. Mafi sauƙi ma, wasan yana da wurin ajiye ɗamara fiye da ɗaya, kowa ya ajiye tasa, in ya shigo ya danna ta hau. Rabin faɗanku a kan abin da maɓalli ɗaya ke warwarewa ne.

Kada kuma ka yi tsammanin gardamar za ta ƙare. Masu yin wasannin nan ba sa so ta ƙare. Path of Exile, wanda kamfanin Grinding Gear Games na ƙasar New Zealand ya fitar a 2013, yana da bishiyar dabaru mai rassa sama da 1,300, kuma duk bayan 'yan watanni sai a sauya lambobi, ɗamarar da ta yi tashe jiya ta zama abin dariya yau. Da gangan ne. Ranar da kowa ya yarda ɗamara ɗaya ce ta fi, wasan ya mutu.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan zan ɗan ɗaure fuska.

Sa'a tana cikin jinin wasan tun asali. Ka kashe dodo, wani lokaci ya zubar da tsumma, wani lokaci ya zubar da abin da zai sa ka tashi tsaye. Masanin halayyar nan na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna da tattabaru tun shekarun 1950 cewa dabbar da ake ba ta hatsi ba bisa ƙa'idar da za ta iya ganewa ba, wani lokaci a saran baki na uku, wani lokaci a na talatin, ta fi naci a kan maɓalli fiye da wadda ta san lokacin samunta. Mako ukun da ka yi kana neman gatari, wannan igiyar ce ta riƙe ka. In abin da kake zubawa lokacinka ne da cajin waya, asararka barci ne da karatu, kuma wannan ma ba ƙarama ba ce ga ɗalibi. Amma da zarar an ce kawo kuɗi a juya maka, magana ta sauya.

Ga yadda abin da taubashinka ke so ku saya yake. Akwai wani tambari da ake sakawa kafin a shiga ramin da ake kira Elder Rift, in an fito a ba ka dutse mai daraja. Ana samun kaɗan kyauta, sauran da kuɗi. A lissafin da aka bayyana lokacin da wasan ya fito a Yunin 2022, kashi 4.5 cikin ɗari ne kawai ke ba da dutse daga jinsin masu taurari biyar, tare da alkawarin guda ɗaya in ka kai 50 ba ka samu ba. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: dutsen wannan jinsi yawanci da taurari biyu kawai a kunne yake zuwa. Wanda biyar ɗin duka suke a cike kashi ɗaya ne cikin ɗari na wancan kashi 4.5 ɗin, wato kusan ɗaya cikin 2,000. Wani mai buga wasa a bainar jama'a ɗan New Zealand, da aka sani da Quin69, ya gwada a watan da wasan ya fito. Sai da ya kashe sama da dalar ƙasarsu 25,000 kafin guda ɗaya ya faɗo masa. Ya lalata dutsen a gaban masu kallo, ya goge wasan.

Kuma kada lissafin zuci ya yaudare ka. Mutane suna ɗauka in an ce ɗaya cikin ɗari, to in ka gwada sau ɗari dole ka samu. Ba haka ba ne. In mutum 100 kowa ya gwada sau 100, kusan 37 daga cikinsu za su tashi hannu rabbana. Injin bai san ka sha wuya jiya ba. Babu "saura kaɗan" sai inda kamfani ya rubuta alkawari ƙarara, kamar yadda wasan Genshin Impact ya rubuta cewa damar samun mai taurari biyar kashi 0.6 ce cikin ɗari amma ba za ka wuce ja 90 ba ka samu ba. Wannan alkawarin ma, in ka duba, farashi ne aka ɓoye a cikin rigar sa'a.

Shin caca ce? Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatunan sa'a da ake buɗewa a wasanni a Afrilun 2018 ta ce in da kuɗi ake sayensu, caca ne a dokarsu. Irin wannan hukunci ne ya sa da Diablo Immortal ya fito ba a sake shi a Beljiyam da Holan ba. Ƙasar Sin tun Mayun 2017 ta tilasta wa kamfanoni su bayyana yawan damar samun kowane abu. Kamfanonin suna kare kansu da cewa ba ka taɓa fita hannu wofi, ko yaya za a ba ka wani abu, kuma ba a mayar da shi kuɗi a hukumance. Ni wannan hujjar ba ta gamsar da ni. Ka ba da kuɗi sananne, a kan abin da ba ka san mene ne ba, sa'a ce za ta yanke, kuma abin da ya kai ka guda ɗaya ne cikin dubu biyu. A kasuwar Getso in wani ya ce ka biya kuɗin buhu ba tare da ka san gero ne a ciki ko ƙaiƙayi ba, sunan abin cinikin biri a sama. Malaman fiƙihu suna da babi guda a kan cinikin garari, inda suke misali da kifi a ruwa da tsuntsu a sama. Ka kai wa malaminku na unguwa bayanin kamar yadda na zayyana maka, da lambobinsa, ka ji fatawa daga bakinsa. Shawarata ni dai, kada ku haɗa ko sisi. In lallai sai kun kashe kuɗi a wasa, ku sayi abin da aka rubuta sunansa da farashinsa, kuka gan shi kafin ku biya. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, datar da kuke ƙonawa ma ta ishe ku haraji.

Kamfanin Blizzard mai wasannin Diablo da kansa ya taɓa ɗanɗana abin da kuɗi ke yi wa ganima. Diablo III ya fito a Mayun 2012 da kasuwar gwanjo a ciki, inda ba da jimawa ba 'yan wasa suka fara sayar wa juna kaya da kuɗin gaske. Sai mutane suka gane ya fi sauƙi ka zauna a kasuwa fiye da ka shiga kogo. Daɗin ganin abu ya faɗo ya gushe, tunda duk abin da ya faɗo akwai wanda ya fi shi a kasuwa. A Maris 2014 suka rufe ta da hannunsu.

To, gatari.

Na san wannan ciwon. Wajen 2007, a wani gidan gem da ba zan faɗi sunansa ba, mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi memorin PlayStation 2, ɗan baƙin nan mai megabait 8, muna buga God of War bi da bi. Jajayen ƙwallayen da ake tarawa a ƙara wa makami ƙarfi, mun yi kwana da kwanaki muna tara su, ni ina da niyyar a zuba su a wuƙaƙen sarƙa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ɗaya daga cikinmu ya juye su kaf a wani sihiri da shi kaɗai yake so, ya kuma danna ajiya a kan tsohuwar. Da na dawo na ga lambar ta koma kusan sifili, sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Janareto na ta ƙara, mai shago na cewa lokacinmu na tafiya, ni kuwa na kasa ɗaukar hannun gem ɗin. Mun yi wata ba ma magana. Abin da na gane daga baya, ba ƙwallayen ne suka dame ni ba, yadda aka yanke hukunci a kan wahalata ba a tambaye ni ba ne.

Duk inda mutane suka haɗu neman abu ɗaya, rabo ne ke raba su. Mafarauta sun san haka, sau nawa aka dawo daga daji da rotse a kan zomo ɗaya? A Diablo II ganima a ƙasa take zubewa kowa na gani, mai saurin hannu ya dafe, kuma abota da yawa ta mutu a kan haka. 'Yan wasan EverQuest tun 1999 suka ƙirƙiro tsarin maki, wanda ya fi halartar yaƙi ya fi haƙƙin zaɓe. World of Warcraft ya kawo ƙuri'a tsakanin mai bukata da mai kwaɗayi. Daga Diablo III aka koma kowa da tasa ganimar, ba ka ma ganin ta abokinka. Kamfanonin sun yi shekaru suna toshe wannan ƙofa, ku kuma kuka shigo ta taga, da kuka zama mutum biyu a jikin jarumi ɗaya. Wannan ma, don ka sani, ya saɓa wa sharuɗɗan Blizzard, suna iya rufe akawun a kansa.

Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun tsara rabon ganimar gaske tun kafin a ɗaura sirdi: a fitar da humusi, mai doki kashi uku, biyu na dokin ɗaya nasa, mai ƙasa kashi ɗaya, kuma an yi hani mai tsanani ga wanda zai taɓa wani abu kafin a raba. Ba ina haɗa wasan waya da wannan babi ba ne, Allah ya kiyaye. Tsarin nake nuna maka: ƙa'ida kafin fita, ba bayan kaya sun zube ba. Ku kun shekara kuna tara dukiya tare ba ku taɓa zama kun ce wa ke da ikon narkarwa ba.

Duk da haka taubashinka ya yi laifi, kuma rashin ƙa'ida bai wanke shi ba. Abin da za a iya kwancewa, kamar sauya dabara ko cire sulke, kowa na iya yi a lokacinsa. Abin da ba ya dawowa, narkarwa ko kashe duwatsu ko sayarwa, ba a yin sa a kayan tarayya sai an tambaya, ko da saƙon WhatsApp ne na kalma uku. Balle ma yana da hanyar da ta fi. A birnin Westmarch na cikin wasan akwai mai cire sirrin makami ta adana shi, yadda ko makamin ya tafi, ana iya ɗora sirrin a kan wani irinsa. Kafin ka ƙara fushi ka je ka duba jerin abubuwan da aka cire. In ya bi ta can, gatarinka bai mutu ba, ƙarfen ne kawai ya tafi, sai ka nemi wani gatarin ka ɗora. In kuwa kai tsaye wurin maƙeri ya kai shi, to sai an sake nema.

In haka ne, ga diyyar da na yanke. Kogon da gatarin ya faɗo maka, ko duk inda kuke farauta, shi zai riƙa shiga a lokacinsa na rana, da kunkurunsa, har wani ya faɗo, kuma ba zai taɓa shi ba sai ka gani. Tunda yana alfahari jaruminsa ba ya mutuwa, ga aikin da ya dace da shi. Kai kuma ka buɗe sabon jarumi naka na kanka a akawun ɗinka, ka fara renonsa a hankali, don ranar da ɗayanku zai yi aure ko ya tafi bautar ƙasa, rabon gadon wannan Barbarian ɗin zai fi na gatari zafi. Ranar Juma'a ka hau mota ka je Kabo ka gaida kawu, ka nuna wa taubashin naka wannan shafi. Tsiren da za ku ci a bakin titi shi zai biya, na naira dubu biyu, ban da ƙuli.